Fitilar Mota da Hannun Auta

"A gidana ba a taɓa durƙusa wa gunki ba, kuma ba za a taɓa ba." Haka Dattijo ya faɗa a gaban jama'a ranar da fasto ya ba shi damar yin wa'azi a kan Dokoki Goma. Kowa ya ce amin. Mutum ne mai shagon kayan gini, dattijon coci, ba ya shan giya, bai san ƙofar boka ba.

Mota kawai gare shi.

Fara ce tas. Ya gina mata rumfa tun kafin ya gyara rufin kicin da ke yoyo. Kowace safiya yakan durƙusa a gabanta da bokiti da tsumma, ya wanke ta, ya shafa mata mai, ya lulluɓe ta. Yara ba sa shigarta da takalmi. In aka yi ruwa ranar Lahadi, iyali su tafi sujada a ƙafa, domin taɓo ba ya yi wa taya kyau.

"Baban Auta," in ji matarsa, "da ma ni ce motar nan, ko na samu mai tambayata yadda na kwana."

"Ke dai ba ki san darajar abu ba," ya ce, bai ko ɗago kai ba.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, ba ta daɗe da shiga firamare ba. Wata Asabar tana koyon keke a tsakar gida, birki ya ƙi, ta faɗa kan fitilar motar. Gilashi ya tarwatse, ya yanke ta a tafin hannun dama. Ba ta yi kuka ba. Ta riga ta ga dukan da yayanta ya sha don kawai ya jingina da ƙofar motar. Ta wanke jinin a famfo, ta naɗe hannun da tsohuwar safa, ta ja hannun rigar sanyi ta rufe.

Da Dattijo ya dawo, ya jera mutanen gida kamar masu laifi.

"Wa ya yi mini wannan ta'asa?"

Ya tsuguna yana tsince gilashi. Ya ga wani jan tabo a jikin fenti.

"Har da ƙazanta suka shafa mata!" Ya sa tsumma ya goge.

Laifi ya faɗa kan yaran maƙwabci, ya daina gaisawa da ubansu. Washegari a coci ya nemi a taya shi addu'a saboda gwajin da ya afka wa gidansa. Aka taya shi.

Auta kuwa ta ce ta girma, da kanta za ta riƙa wanka. Uwarta ta yi mata faɗa don tana cin abinci da hagu. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kwantar da ita. Da uwar ta tuɓe mata riga, warin ne ya fara dukanta. Hannun ya kumbura, ya yi baƙi.

Mota tana gareji, ana jiran sabuwar fitila. Maƙwabcin nan da aka daina gaisarwa shi ya fito da tsohuwar motarsa mai yagaggen kujeru.

"Ku shigo da takalmanku," ya ce. "Yarinyar dai."

A asibiti likita ta zaro guntun gilashi daga cikin naman.

"'Yata, me ya yanke ki?"

Auta ta dubi ubanta.

"Baba, ka yi haƙuri. Ni na fasa. In na girma zan saya maka wata."

Likita ta dubi Dattijo ta saman tabarau.

"Baba, ku gode wa Allah. Da kun ƙara jinkiri, da ba maganar hannu muke yi ba. Amma yatsu biyu ba za su sake lanƙwasuwa ba."

Dattijo ya fita, ya zauna a ƙasa a barandar asibiti da fararen kayansa. Ya buɗe baki zai yi addu'a irin wadda ya saba, doguwa mai jera ayoyi, bai samu komai ba sai "Na gode, Ubangiji, ka bar mini ita." Ya yi ta maimaitawa har matarsa ta zo ta dafa kafaɗarsa.

Ranar da aka sallame su, gidan maƙwabcin Dattijo ya fara shiga.

"Ɗan'uwa, na ɗora wa yaranka abin da ba su yi ba."

"Bar wannan, Dattijo. Auta ta tashi, ai an gama magana. Amma in za ka riƙa gaishe ni, ba zan hana ka ba."

Bai sayar da motar ba, don ba ita ta yi laifi ba. Ta dai koma mota. Yanzu takan kwashi tsofaffin unguwa zuwa sujada, ruwa ko rana, har da masu amai a hanya. Da aka ba shi dama ya yi godiya a coci, bai wuce magana biyu ba, kuma mutane suka ce bai taɓa wa'azi mai kyau kamar wannan ba.

Bakanike ya yi aiki mai kyau, ba mai iya gane wace fitila aka canja. Da yamma Auta takan zauna a teburin falo, ta ciji leɓe, tana koyon riƙe fensir da hagu. Fensirin ya faɗi, ta ɗauka, ta ci gaba.

Mai karatu, duk abin da ka ɗora sama da Allah, ko da guminka ka same shi, wata rana zai nemi hadaya, kuma ba kasafai yake karɓa daga jikinka ba. Ka sa Ubangiji a gaba, kayan duniya su tsaya a matsayinsu na kaya.