Ƙwayar da Yagana Ta Kawo

Mahfuz ya ajiye kular naman danderu a gaban budurwarsa Rumaisa'u, a zauren gidan iyayenta da ke unguwar Umarari. Ta kawar da kai.

"Ba zan ci ba. Tun da na fara shan ƙwayar rage ƙibar nan, in na ci maiƙo sai man ya zubo mini ba shiri. Jiya a wurin aiki ya ɓata mini lafaya."

"Wace ƙwaya?"

Ta ɗago jajayen idanunta. "Wadda ka aiko yayarka Yagana da ita. Wata biyu ina wahala, kilo biyu kacal na rage."

Mahfuz ya dafe ƙirji.

"Wallahi ban aiko kowa ba. Ni da nake ta kawo miki nama don na ga kina ramewa?"