Itacen da Malam Jatau Bai Raɗa wa Suna Ba

Tun da aka kafa dokar sare duk tsiron da babu sunansa a Kundin Malam Jatau, kowace bishiya a garin take rataye da lamba. Shekara arba'in Malam ya yi yana ratsa daji, yana rarrabe tsirrai dangi-dangi. Itace ɗaya ne ya rasu bai tantance ba, wanda ya dasa a tsakar gidansa.

Ranar Talata 'yarsa, Hajiya Tabawa, ta kai ganyen itacen ofishin rajista karo na huɗu. Ma'aikacin, Sabi'u, ya ɗora shi kan na'urar tantance tsirrai.

"Hajiya, na'ura ta ce babu irin wannan a kundin."

"To na hannunka mene ne? Kunnen jaki?"

"Mai kundin kaɗai doka ta yarda ya ƙara suna."

"Mai kundin ubana ne! Shekararsa ashirin a kabari. In taso maka shi?"

Sabi'u ya waiga, ya rage murya. "Jibi masu sara za su shigo unguwarku. Ga lambar darbejiya, ki rataya masa. Lamba suke dubawa, ba ganye ba."

Ta yi tsaki. Malam ya taɓa tafiyar kwana uku a ƙasa don gyara sunan ciyawa ɗaya. Duk da haka ta karɓi lambar.

Da la'asar ta ɗaure lambar a reshe, ta ja ƙullin da ƙarfi. "Baba, ka yafe mini," ta ce. "Da ka gama aikinka, da ban shara ƙarya a gidanka ba."