Golan Da Ya Tashi Da Ƙafarsa

Da ƙafarsa Nasidi ya shigo gida da la'asar sakaliya, rigar gola a kafaɗa, yana dariya. Abin da ya ruɗi matarsa Lauratu ke nan.

'Yan ƙungiyarsu ne suka rako shi, kowa na rige-rigen ba ta labari. Da 'yan Shinkafi suka kara a filin bayan tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda. Gab da tashi Nasidi ya yi tsalle ya ture ƙwallo, gefen kansa ya daki turken raga. Ya ɗan kwanta shiru, aka kwara masa ruwa, ya miƙe, fili ya ɗauki tafi, ya koma raga ya ƙarasa wasan. Ko ɗigon jini bai fita ba, sai ɗan kumburi saman kunne. Wani ma cewa ya yi turken ya kamata a je a duba, don kan Nasidi ya fi shi tauri.

Da suka watse ta kawo masa tuwon dawa. Ya wanke hannu, ya dube ta. "Lauratu, wa yac ci wasan ga?"

Ta yi dariya. "Maigida, kai da kab buga? Ku kunka ci."

Ya ce madalla. Bai yi loma biyu ba ya ɗago ya sake tambayar, da muryar ɗazu, da murmushin ɗazu, kamar bai taɓa yin ta ba. A ta gaba Lauratu ba ta yi dariya ba.

Sai amai ya biyo baya. Tana riƙe da kansa ta ga idonsa na dama. Baƙin ya buɗe ya kusa cinye ƙwayar, na hagu kuwa yana nan yadda yake. Ba ita yake kallo ba, bayanta yake kallo, wajen ƙofar da ba kowa. A hankali ya kira ta Inna. Innarsa tun yana yaro ta rasu.

Ta aika aka kira Zubairu, yayansa. Kusan tare suka iso da Cornelius, ma'aikacin jirgin ƙasa da ke horar da ƙungiyar, wanda hankalinsa bai kwanta ba ya biyo a kan keke. Cornelius yana ganin idon ya ce a nemo mota yanzu yanzu. Ya ce tun a fili bai kamata ya bar shi ya koma raga ba, ciwon yana cikin kai.

Zubairu ya girgiza kai. Ya ce kafin a fara wasa mutane sun ga wani tsoho cikin 'yan Shinkafi ya zagaye turken nan yana tofi. Shekara nawa Nasidi yana tsalle bai taɓa dukan turke ba sai yau?

"Koci, aikinka hili na, nan gida na," in ji shi. "Wagga cuta ba ta asibiti ba ta. Abin da anka yi da asiri ba ya son allura. Suna soka mashi, sun gama da shi."

Cornelius ya juyo gare ta. "Uwargida, ke ce matarsa. Me kika ce?"

Tun tana ƙarama Lauratu take jin maganar allurar nan a bakin manya. Ta dubi mijinta yana murmushi ga bango, ta dubi yayansa. Ta sunkuyar da kai ta ce abin da Yaya ya faɗa shi ne.

Aka kawo garwashi aka zuba turare, aka lulluɓe Nasidi da bargo hayaƙi ya shige shi. Kafin isha'i barci ya ɗauke shi, ya fara wani munshari mai nauyi da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Zubairu ya ce alhamdu lillahi, abin ne yake sakin sa, kada wanda ya tashe shi.

Gari ya waye. Mutumin da ba ya rasa asuba a masallaci yana nan yadda aka kwantar da shi. Munsharin yakan tsaya, ɗakin ya yi tsit har ta ji kaji na tsattsaga a tsakar gida, sannan ya dawo da ƙarfi. Ta ɗaga hannunsa na hagu, ya faɗi kamar tsumma. A kan matashi, daidai kunnensa, wani ruwa garai-garai ya jiƙa wurin. Ta kira shi da sunan da ba ta taɓa faɗa a gabansa ba. Bai motsa ba.

Wannan karon ba ta nemi izinin kowa ba. Da gudu ta fita ta nufi wajen Cornelius, ko mayafi babu. Cornelius ya samo akori-kura, aka kai shi asibiti. Likita ya haska idanun, ya tambayi tun yaushe. Aka faɗa masa. Ya ce ƙashin kai ya tsage, jijiya ta fashe a ciki, jini ya kwana yana taruwa yana danne ƙwaƙwalwa. Da an zo da shi yana magana, da akwai abin yi. Ya ce a wuce da shi babban asibiti ko Allah zai sa a dace.

Ba su yi nisa a hanyar Gusau ba munsharin ya tsaya. Lauratu ta yi ta jiran ya dawo, kansa a cinyarta, har direba ya gangara gefen titi ya kashe mota.

Jama'a, wanda ya bugu a kai wajen wasa, ko ya tashi da ƙafarsa, kada a mayar da shi fili. In ya suma, ko yana amai, ko yana maimaita magana, ko barci mai nauyi na jan sa, a kai shi asibiti nan take. A yi masa addu'a, amma a yi ta a kan hanya.