Ranar da Aka Sauke Sifiku

Bawa, ƙanen mijina, ya sauke sifika ta ƙarshe daga motar yayansa ya ce, "Yaya Lami, shiga, ga wuri."

Tun da maigidana ya fara kai kayan sauti gidajen biki ya cire kujerun motarsa, sai ta direba. Ko garinmu Bilbis za mu, ni sai motar haya. In na yi ƙorafi ya yi dariya ya ce, "Lami, sifiku ba su da ƙafa."

Ran nan na samu wurin da na daɗe ina roƙo. Bawa na tuƙi, na zauna kusa da maigidana a baya tun daga Gusau, babu kiɗa, na faɗa masa duk abin da ke raina. Bai katse ni ba.

Muna isa Bilbis, maza suka kawo makara suka ɗauke shi.