Lambar Mehrban

Ranar da Kanar ya maƙala wa Mehrban lambar yabo a asibitin soja na Bombay, kowa ya tafa ban da Karam Ilahi. Shi bango ya juya wa fuska.

'Ya'yan wa da ƙani ne, daga ƙauye ɗaya na kan dutse. Rana ɗaya suka shiga soja. Dalilin yaƙin bai dame su ba. An dai ce Ingila ta ƙulla da Faransa da Rasha, Turkawa sun bi Jamus, wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Sai ga su cikin taɓo a bakin kogin Dijla, wai za su ceto sojojin da Turkawa suka ritsa a garin Kut. Bom ɗaya ya same su a ramin da suka fake. Karam, da kafaɗa a fashe, shi ya goyo Mehrban har jirgi.

Yanzu gadajensu na jere. Mehrban na kwance cikin bargo, ana kawo masa gaisuwa da mazarƙwaila. Karam ba ya ci tare da shi. Sai kallo. Kafaɗarsa na sauƙi, fuskarsa na ƙara ɗaurewa.

"Kai, ɗan baffa," in ji Mehrban, "idon nan naka zai huda bargo. Lambar nan guntun ƙarfe ce fa, ko akuya ba ta ci."



Ran Talata likitoci suka zaga. Babbansu ya ɗaga hannun Karam, ya murɗa, ya ce ya warke, jibi ya bi jirgin Basra, ya koma fagen yaƙi. Mehrban ko taɓa shi bai yi ba.

Mehrban ya cire lambar ya miƙa. "Ungo. Wallahi taka ce. Ni me na yi ban da kwanciya a bayanka kamar buhun gishiri?"

Karam ya buge hannun, lambar ta gangara ƙarƙashin gado.

"Tun muna yara haka kake," ya ce. "Kullum rabon naka ne. Taku ɗaya tsakaninmu a ramin nan! Kuma wurina ka tsaya, ni na matsa maka."

Ya fizge bargon. Ya daɗe yana duban inda ƙafar Mehrban ta dama ta ƙare, a gwiwa.

"Da kai za a yi girbi a gida. Ni shegen bom ɗin ko yatsa bai cire mini ba."