Ragon Sallah da Shafin Tsokana

Zauna in ba ka misali, tunda na ji kai ma waɗanda kake rubutu a kansu sun fara yi maka aike.

An yi wani mai gyaran waya a bakin kasuwa, Allah Ya hore masa baki kamar reza. Duk ranar da aka buga ƙwallo a filin garinsu, sai ya ɗauki hoton wanda ya fi kowa kwafsawa, ya yi masa magana ɗaya tak, ya saka a shafinsa na intanet. Wani ɗan wasa ya taɓa ɗaga fanareti sama, sai ya rubuta cewa ana cigiyar ƙwallo, duk manomin da ya tsince ta a gonarsa ya taimaka. Bai ƙyale kowa ba, har ƙungiyar unguwarsu. Aka yi ta tura wa juna, ana karantawa a teburin mai shayi, 'yan wasan ma kansu sukan leƙa su ga ko yau sun tsira. Shafi ya bunƙasa, mutumin ya kama ofis, ya ɗauki ma'aikata. Sai masu talla suka fara sallama. Na farko mai wata ƙungiya ne, ɗan kasuwa mai fara'a. Ko sau ɗaya bai ce a daina taɓa masa yara ba. Shi dai ya kawo tallar shinkafarsa, da Babbar Sallah kuma ya aiko da rago mai rai da lafiya. Mai wata ƙungiyar ya ji labari, ya aiko da babur. Kafin kakar wasa ta ƙare, babu ƙungiyar da ba ta da wani abu a gidansa, ko a tukunya ko a ƙofar gida.

Ranar wasan ƙarshe, golan ƙungiyar mai rago ya juya baya yana shan ruwan leda. Ƙwallo ta gangaro a hankali kamar tsohuwa za ta unguwa, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta shige raga. Fili ya kece da dariya. Gari duka ya riƙe waya yana jira, don kowa ya san yau gola ya shiga uku. Mutumin naka ya zauna, maganganu na ta zuwa masa, amma duk wadda ya rubuta sai ya tuna da naman suyar nan da har yanzu da sauransa a ɗakin matarsa, sai ya goge. Da ya gaji da gogewa, ya rubuta: "Gola ya nuna muhimmancin shan ruwa ga lafiyar ɗan wasa." Wallahi ni da ba ni na rubuta ba sai da na ji kamar in nutse. Mutane dai sun yi dariya, amma mai shafin suka yi wa, ba gola ba, daga nan kuma suka daina leƙowa. Masu talla kuwa dama taron suka biyo, ba shi ba. Da suka ga taro ya watse, suka tattara nasu ya nasu, mai shinkafa ne ma a kan gaba.

To, kafin ka karɓi igiyar rago, ka tuna abin da Hausawa suka ce: idan baki ya ci, dole ido ya ji kunya.