Bas ɗin da Ta Gaji Jira

Tun da kwamfuta ta karɓi tsara zirga-zirgar bas a Kano, ba direba, ba jiran kowa. Tsohuwar bas ta Kurna ce kaɗai ta saba tsaya wa Gwaggo Tabawa mai ciwon gwiwa. Jiya aka yi wa motar ritaya, yau kuma ranar ganin likita.

Gwaggo ta iso tasha tana ɗingishi, ta riga ta fid da rai. Sai ga sabuwar bas tsaye, ƙofa a buɗe.

"Gwaggo, a hanzarta mana!" in ji Sallau tela daga cikin motar. "Ta gaji halin tsohuwar, ta ƙi motsi."

Gwaggo ta shiga ta zauna tana dariya. Ƙofar kuwa sai da ta ƙara jira kaɗan, daidai takun marigayi mijinta da ya saba shigowa bayanta, sannan ta rufe.